Ashe ni abokin ango ne

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe shiru, wasu har sun aiko ta WhatsApp suna tambaya ko lahiya, to lahiya lau, damina ce ta riƙe ni ga kuma rezo na ƙauyenmu wanda sai ka hau tudun bayan rijiya ka ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ɗaya ya wuce. Yau na shigo Maradi sayen 'yan kaya, na samu inuwar dogon yaro na ce bari in zauna in rubuta abin da ya daɗe yana cin raina, ko wani mai hidima irina zai ga kansa a ciki.

Shekara 9 na yi ina fasto a wata majami'a a nan cikin gari, ba sai na faɗi suna ba. Ranar Lahadi mukan kai mutum 200 in an haɗa da yara. Makullai huɗu ne a aljihuna kullum, na babbar ƙofa, na ofis, na magaza inda ake ajiye kujeru da kayan kiɗa da janareto, da na akwatin da hatimin ekklisiya yake ciki. In ina tahiya ana jin ƙararsu, kuma gaskiya ina son a ji. Zumuntar mata ba su isa su zaɓi zanen da za su ɗinka na Kirsimeti ba sai na gani, matasa in za su yi rihasal sai su tsaya a rana suna jirana in zo in buɗe, dattawa kuwa a taro nakan bar su su yi magana don ladabi amma na riga na yanke tun daga gida. Akwai ayar da nake ƙauna a lokacin, Ibraniyawa 13:17, wadda ta ce a yi biyayya ga shugabanni. Na yi wa'azi a kanta ya fi a ƙirga. Abin dariya ban taɓa tsayawa a ƙarshen ayar ba, inda aka ce shugabannin nan za su ba da lissahi, kuma su yi aikin da farin ciki ba da nishi ba. Ni da nishi nake yin nawa.

Daga kan mumbari ina wa'azi ina ƙirga kawuna. In na ga gurbin wata iyali babu kowa sai wa'azin ya ɓace mini a baki, in na ji sun koma wata majami'a inda kiɗa ya fi zafi sai in kwana ina juyi kamar wanda ɓarawo ya shiga garkensa. Likita ya ce jinina ya hau, ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri da tunani. Gishiri na rage.

Kuna tune da watan Yuni na 2019, daren da aka ƙona majami'a a unguwar Zariya bayan kama wani limami. Daren nan ban runtsa ba, ina tsakar gida da makullai a hannu ina lissahin mi zan fara fitarwa in an zo, janareto ko kundin sunaye. Can tsakar dare na leƙa sai na ga maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofar majami'a yana jan carbi, ya ce "Fasto koma ka kwanta, duk wanda ya zo ni zai fara tararwa." Ba wanda ya zo. Ya kamata in koyi wani abu a daren nan game da wa ke tsaron gidan, amma da gari ya waye abin da na yi shi ne na sayo ƙarin kwaɗo.

Bayan wani lokaci sai ga takarda daga magabata, an canja mini wurin aiki zuwa wani ƙauye, tahiyar kusan kilomita 30, ƙarshen hanyar yashi ne zalla wanda in ba ka iya babur ba sai ka sha ƙasa. Wanda aka turo a gurbina kuwa yaro ne da ni na koya masa a makarantar Lahadi, ni na yi masa baftisma da hannuna. Ranar miƙa aiki a gaban dattawa na ciro makullan na miƙa, ya kama, ni kuma yatsuna suka ƙi saki, muka tsaya haka ya riƙe na riƙe har wani dattijo ya yi gyaran murya. Da muka koma gida maman yara ta dube ni ta ce "To Baban yara, yau dai aljihunka ya huta, na gaji da ɗinke shi." Ban yi mata magana ba har kwana biyu.

Majami'ar ƙauyen ginin laka ce da rufin kwano guda 12, kujerun ma na laka ne an shafe su da hannu. Ƙofa babu ƙyaure, bare a yi zancen makulli, awaki ke kwana a ciki in an yi sanyi, kowace Lahadi sai an share kashinsu kafin a fara sujada. Manya 11 na tarar. Baikon Lahadin farko na ƙirga shi har sau biyu, dala 75 da ƙwai uku da tiya ɗaya ta hatsi. Na yi masu wa'azi da ƙarfi kamar ina gaban mutum 200, ina ta zufa, su kuma suna kallona da tausayi irin kallon da ake yi wa baƙon da bai san hanya ba. Wata shida na yi a haka, jikina a ƙauye zuciyata a Maradi, kullum ina tambayar masu zuwa kasuwa yaya majami'ar gari, kuma Allah ya gafarta mini, labarin da nake son ji shi ne ta lalace.

A cikin mutum 11 ɗin nan akwai wani tsoho da kowa ke ce ma Baba. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin kutare na Danja, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1956 nan kudu da Maradi, can ya warke, can ya koyi karatun boko, can ya ba da gaskiya. Yatsunsa sun gajarce, in zai buɗe Littafi sai ya lashi gefen hannu ya tura shafi da shi. Littafinsa tsohuwar fassara ce wadda Hausarta sai ka natsu, bangon ya mutu ya yi masa riga da fatar akuya. Baba ba ya yawan magana, in na gama wa'azi sai ya ce "sannu da aiki Fasto" shi ke nan, kuma ban taɓa gane ko yabo ne ko jaje ba.

Bayan girbi aka yi bikin wani saurayi namu. Na ɗaura aure da safe, da yamma muna zaune da Baba a kan tabarma a gindin gawo ana ta hidima, sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya nuna mini abokin ango. Yaron nan tun asuba yake gudu, shi ya aro kujeru daga lakwal a kan amalanke, shi ya raba goro, shi ya yi rigima da 'yan kabu-kabun da suka kawo dangin amarya a kan kuɗin mai, shi ya je ya lallashi ƙawayen amarya da suka ce ba ta motsawa sai an ƙara masu kuɗi, sabuwar shaddarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a baya, hularsa ma wani yaro ke riƙe da ita, an miƙo masa tuwo ya ce a ajiye sai ƙudaje suka gaje shi. Amma in ka ga bakinsa, haƙora 32 duk a waje.

Baba ya ce "Fasto, yaron can ya ci abinci?" Na ce bai ci ba Baba. Ya ce "In dare ya yi ɗakin wa za a kai amarya?" Na ce ɗakin ango mana. Ya ce "To mi ya sa ya hi kowa murna?" Na yi shiru. Ya ce "Ɗana, in ka koma gida karanta Yahaya sura 3 tun daga aya 26." Sai ya juya ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Raina ya ɗan sosu, ni da na yi makarantar Littafi Mai Tsarki da takardar shaida a bango, tsoho zai ba ni aikin gida. Amma da dare na kunna tocila na buɗe. Almajiran Yahaya Maibaftisma ne suka zo masa da ƙorafi, Malam, Yesun nan da ka yi wa shaida a hayin Urdun ga shi yana baftisma, kowa na tahiya wurinsa. Wato dai irin labarin da nake tambayar 'yan kasuwa. Yahaya ya ce mutum ba ya samun komi sai abin da aka ba shi daga sama, amarya ta ango ce, abokin ango kuwa yana tsaye yana saurare yana murna da jin muryar ango, ya ce murnata ta cika, dole shi ya ƙaru ni in ragu. Na san wurin nan da ka, na ma taɓa cin jarrabawa a kansa. Amma a daren nan da hoton yaron nan mai jiƙaƙƙiyar shadda a idona sai na ga abin da na shekara 9 ina yi. An aike ni hidimar biki, ni kuma na shiga ɗaki na zauna a gefen gado ina jiran a kawo mini amarya, wato ekklisiyar Yesu, shi ya sa duk wanda ya kalle ta nake jin kishi, shi ya sa ba na barci. Na kashe tocila na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata, maman yara ta farka ta ce lahiya, na ce lahiya, ta ce to yi a hankali kar ka tada yara.

Mu Hausawa, Kirista da Musulmi, kalmar "ikon Allah" ba ta barin bakinmu. Mota ta kife, ikon Allah. An haifi 'yan uku, ikon Allah. Fari sun cinye gona, sai a ce ikon Allah a yi haƙuri. Galibi muna faɗinta ne a inda dabara ta ƙare, kamar bangon da mutum ya yi karo da shi. Ban taɓa tunanin abin hutawa ba ne sai a ƙauyen nan. A Matiyu 28:18 Yesu ya ce an ba shi dukkan iko a sama da ƙasa, sa'an nan ya ce saboda haka ku tahi. Dukka fa aka ce, bai rage ko cikin cokali ba da za a ce wanga na fasto ne. Abin da aka bar mana shi ne tahiyar. Kuma ku dubi dogarin fadar Sarkin Katsinan Maradi da rigarsa ja da kore, in ya kawo sammaci magidanci mai mata huɗu yakan miƙe tsaye ya bi shi, alhali in ya tuɓe rigar nan ya shiga kasuwa ba mai ba shi hanya. In kuma wanda aka aike shi wurinsa ya yi taurin kai, dogari ba ya kwana da ciwon kai, yakan koma ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce ranka ya daɗe na isar, sauran magana ta fada ce. Jarumin sojan Roma na Matiyu 8 ya gane wannan sarai, da ya ce shi ma a ƙarƙashin iko yake shi ya sa in ya ce wa soja je ka sai ya je, kuma Yesu ya yi mamakin bangaskiyarsa. Ni na so a ji maganata ba tare da ni ina jin ta kowa ba.

Kar wani ya karanta wannan ya ce Fasto ya ce duk abin da magabata suka yi daidai ne. A'a. Har gobe ina ganin yadda aka yi canjin nan akwai son rai a ciki, ba a kira ni an zauna da ni ba, takarda kawai aka aiko da ita hannun ɗan kabu-kabu, kuma na faɗa masu haka a gaban idonsu daga baya. Na kuma san masu hidima da suka mai da "ikon Allah" sanda, in ka tambayi inda kuɗin gini suka shiga sai a ce kar ka taɓa shafaffe na Ubangiji, in mace ta kawo kukan mijinta sai a ce ta yi biyayya a sallame ta. Iyayenmu a nan Nijar sun ga yadda rigimar shugabanci ke raba ekklisiya, 'yan ɗaki ɗaya su daina gaisawa. Bitrus ya gargaɗi dattawa a wasiƙarsa ta fari sura 5 cewa su yi kiwon garken Allah ba da nuna sarauta ba, kuma ya ce garken na Allah ne. Wanda ya san a ƙarƙashin iko yake ba ya jin haushin a tambaye shi lissahi, don ya san akwai babban lissahi a gaba. Ni dai abin da na gani shi ne ko da son ran mutane ya shiga, hannun da ya kawo ni ƙauyen nan ya fi nasu tsawo.

Maigari ya ba ni aron gona, kuma a nan Baba ya ƙara mini wani karatun ba tare da ya sani ba. Na ɗauki gatari zan share sabara da kalgon da suka tsiro in ƙone kamar yadda na ga ana yi ina yaro, ya ce kul, ya nuna mini sassaben zamani, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture ka bar su, ka datse sauran. Manoman yankinmu duk sun san shi yanzu. Asalinsa a nan ƙasar Maradi ne, wajen 1983 wani ɗan mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, rannan ya tsaya a hanya yana rage iskar taya don ya wuce yashi sai ya lura 'yan kurmin da ake gani a gonaki ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa tana jiran a bar ta. Yau ana maganar itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a Nijar ta wannan hanya, kusan ba wanda aka dasa. Ina datse kalgo ina tunani, na zo ƙauyen nan ina ganin ni ne zan dasa masu ekklisiya, alhali tun da bishara ta shigo Damagaram a 1924 ta gangaro Tsibiri, saiwa ke tahiya a ƙarƙashin ƙasar nan, kuma tsohon nan mai guntayen yatsu ya shekara da shekaru yana tara mutane a ɗakin awaki yana karanta masu Zabura ba fasto ba albashi ba hatimi. Bulus ya ce shi ya shuka Afolos ya yi banruwa amma Allah ne ya sa girma. Ni ko shukar ma ban yi ba, na tarar da ita.

Yanzu aikina ba wani mai yawa ba ne a ido. Ranar Laraba da Juma'a da yamma mata 7 na zuwa gindin gawo koyon karatu, biyu daga cikinsu ma Musulmi ne, mazajensu suka ce su zo don su iya karanta takardar likita. Ranar da shugabar zumuntar mata, mai jikoki 5, ta haɗa baƙi da wasali ta karanta aya guda da kanta daga farko har ƙarshe, ta ajiye Littafin ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse, daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba a ranar da muka cika 200. Ina zuwa suna, ina zuwa gaisuwar mutuwa, in an yi mara lahiya da dare babur ɗina ne motar asibiti, liman ma ya san lambata. Mun kai 14 yanzu, da mun kai 17 amma gida ɗaya sun tahi ci-rani Agadas, kuma na yi masu addu'a na raka su tasha ban ji kamar an yi mini sata ba. Ba na ce kullum sai murna ba, akwai watan da kuɗin makarantar yara ke hana ni sakewa, akwai Lahadin da nake wa'azi rabin jama'a na gyangyaɗi don sun kwana a gona. Ƙwayoyin hawan jini ma ina sha har yanzu, sai dai likita ya rage mini.

Watan jiya majami'ar gari suka yi bikin buɗe sabon gini, don sun ƙaru har tsohon ya yi masu kaɗan. Da katin gayyata ya iso wani abu ya soke ni a ƙirji, ba zan ɓoye ba, tsohon halin bai mutu ba yana dai kwance. Na je. Na tarar kujeru ba su isa ba baƙi na tsaye a rana, yaron nan nawa, Fasto yanzu, ya rasa inda zai sa kansa, ya hango ni ya rugo ya durƙusa ya ce "Baba don Allah ga makullin magaza, a taimaka a fito da sauran kujerun." Makullin nan dai nawa na da, har da ɗan jan zaren da na ɗaura masa. Na tuɓe babbar riga na rataye a reshe, ni da matasa muka yi ta jidar kujeru har aka fara waƙar buɗewa, na zauna can baya kusa da masu goyo ina ta zufa, da aka tashi na neme shi na mayar masa da abinsa, wannan karon hannu ɗaya ba gardama. Abinci ma ban samu ba, ya ƙare kafin a iso bayan.

Abin da ya kawo ni gari yau kuwa, awaki sun cinye mana littafin waƙoƙi guda biyu da kalandar bango, matasa suka ce haƙuri ya ƙare a sa ƙyaure. Kafinta ya gama, na sayi kwaɗo jaka ɗaya da rabi a babbar kasuwa, ya zo da makulli uku. Mun riga mun shirya ɗaya na Baba ɗaya na shugabar zumuntar mata, na ukun ne ba a yanke ba, maman yara dai ta ce in ta gan shi a aljihuna rijiya za ta jefa shi. Bari in tashi, hadari na haɗowa ta gabas kuma yashin hanyarmu in ya sha ruwa sai turi.